Tsiro a Kofin Sufeto

Ranar Litinin da ƙarfe tara saura kwata wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda riƙe da leda cike da ƙasa. Ta dangwarar da ita a kan kantar ofishin, ta ce an yi mata sata.

Saje ya dubi ledar, ya dube ta, ya tambayi abin da aka sace. Ta ce ƙasa. Shekara ashirin da biyu yana karɓar ƙorafi, ya ji na akuya, ya ji na babur, har na ƙyauren banɗaki ya taɓa ji, amma na ƙasa bai taɓa ji ba. Ya haɗiye dariyarsa ya kai ta wurin Sufeto.

Sufeto dogo ne siriri, a bayan idonsa yaransa na kiransa Sannu-Sannu, saboda ko gobara ake yi ba ya ɗaga ƙafa. Ya nuna mata kujera ya ce ta fara daga farko.

Injiniya ce a ofishin tsara gari, aikinta gwajin ƙasa. Wani kamfani yana neman izinin gina gida ɗari huɗu a fadamar bayan gari, inda manoma sittin suke noman kayan lambu. Aka tura ta ta gwada. Ta haƙa rami goma sha biyu, ta rubuta abin da ta gani: baƙar laka ce, ruwa yana mita ɗaya da rabi kacal a ƙarƙashi. Gidan da aka ɗora a kai ba zai ga damina biyar ba sai ya tsage. Abin da ya fi wannan muni, fadamar ce ke shanye ruwan saman garin. In aka rufe ta da siminti, ruwan ba shi da wurin zuwa sai unguwar gangare.

Kamfani ya ce rahoton ƙarya ne, ya ce ai 'yar manoma ce, danginta take karewa. Kwamitin ba da izini ya ce to a kawo shaida ranar Alhamis.

"Wace irin shaida?" in ji Sufeto.

"Kowane rami leda biyu nake ɗiba, Yallaɓai. Ɗaya in gwada, ɗaya in ɗaure in ajiye a sito saboda rana irin wannan. Yau na buɗe siton, ledojin suna nan, lambobina suna nan, amma ƙasar ba tawa ba ce." Ta tura masa ledar. "Wannan jar ƙasar tudu ce. A kanta ko bene mai hawa goma ka gina zai zauna."

"In kwamiti ya buɗe ya ga wannan fa?"

"Na zama maƙaryaciya. Za a karɓe lasisina, mako mai zuwa katafila ta shiga fadama."

Sufeto ya zazzage ɗan ƙasar cikin tsohon kofin shayinsa mai karyayyen hannu, ya ajiye a bakin taga, ya ɗauki hularsa.

Siton ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan ofishin tsara gari, ba taga, sai katakai a jikin bango. Kwaɗon ƙofar lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Injiniya ta ce makulli ɗaya ne, kuma kullum yana cikin jakarta.

Sufeto ya tambaye ta inda jakar ta yini ranar Asabar da Lahadi. Ta ce Lahadi tana gida. Asabar kuwa gidan Kawunta ta je kamar kullum, ta ci abincin rana ta ɗan kwanta. Shi ya riƙe ta tun tana shekara shida da mahaifiyarta ta rasu, shi ne kuma shugaban manoman fadamar. Da ta faɗi haka har fuskarta ta saki, ta ce in akwai wanda wannan sata za ta kashe, to shi ne.

Sufeto ya ɗauko leda ɗaya yana jujjuyawa. Ƙasar da danshinta, lallausa, ko tsakuwa ɗaya babu, kamar an tankaɗe ta. Sai ya kama bakin igiyar da aka ɗaure ledar ya ja sau ɗaya. Nan take ta warware.

"Haka kike ɗauri?"

"A'a. Ƙulli biyu nake yi, sai da farce ake kwancewa."

Ya bi sauran goman. Duk ɗaurin zarge ne, mai ja ɗaya.

Maigadin ofishin yana zaune a ɗakinsa na bakin ƙofa, rediyo a kunne. Ya rantse ya ƙara rantsewa cewa tun yammacin Juma'a bai matsa daga nan ba, kuma ko kyanwa ba ta shiga ba. Sufeto ya bar shi ya gama rantsuwa, idonsa na kan wani damin ganyen albasa da ya fara yaushi a ƙarƙashin benci.

"Wannan fa?"

"A kasuwa na saya, Yallaɓai."

"Yaushe?"

"Asabar."

"Kai da ba ka matsa ba tun Juma'a?"

Maigadi ya yi tsuru-tsuru. Saje ya yi gyaran murya irin wadda ke sa mutum tuna gaskiya. Sai ga ta ta fito: ranar Asabar da rana ya tafi kallon ƙwallo, awa biyu, ya sakaya ƙofar kawai. Da ya dawo ya tarar da damin a bakin ɗakinsa. Manoma kan kawo masa irin wannan in sun zo ganin Injiniya, don haka bai tambaya ba.

Sufeto ya sunkuya ya ja igiyar damin. Ja ɗaya ta warware.

Washegari da safe suka je ofishin kamfanin. Sanyin na'ura, kujerun fata, da wani Manaja mai yawan murmushi wanda ya kira Sufeto "babban yaya" sau uku kafin su zauna. Ya ce shi tausayin yarinyar yake ji. Ya ce gari yana cika, mutane na kwana shida a ɗaki ɗaya, su gidaje suka kawo masu fitilar hasken rana da itatuwa a bakin titi, me ya fi wannan? A nan bai yi ƙarya ba, garin na bukatar gidaje. Sufeto da kansa haya yake yi.

Ya tambaye shi inda ruwan sama zai bi. Manaja ya ce za a yi magudana. Ya tambaye shi inda magudanar za ta zuba. Manaja ya ce wannan aikin injiniyoyi ne.

"Ka san wani cikin manoman?"

"Ni? Ko ɗaya. Ai in suka gan ni jifana za su yi."

A bango akwai babbar taswirar rukunin gidajen, fuloti ɗari huɗu a jere, duk farare. Ɗaya ne kawai aka shafa wa jan alƙalami, na can kusurwar gabas, inda layukan taswirar suka nuna ɗan tudu. Sufeto ya ɗora yatsa a kai ya ce shi dai ya san doka ta hana sayar da fuloti kafin izini ya fito.

Murmushin ya ɗan ja baya. Manaja ya ce ba sayarwa aka yi ba, gidan nuni ne.

"Gidan nuni a can ƙurya, nesa da titi?"

Manaja ya ce haka mai zane ya ga dama. A mota Saje ya ce wannan mutumin ko gaisuwarsa sai an bincika. Sufeto ya ce abin da ya dame shi daban ne: wanda ya zaɓi fulotin nan ya san fadamar sosai, ya san nan ne kaɗai ruwa ba ya kwanciya.

Da la'asar suka sauka fadama. Kore shar, latas da karas da tumatir, komi bayan komi, ƙananan injinan ban ruwa suna ta ƙara. Takalmin Saje ya nutse a laka har idon sawu, ya fito yana mita.

Manoman sun taru a gindin mangwaro, wani dattijo mai sanda yana yi musu magana. Shi ne Kawu. Muryarsa ta fi jikinsa ƙarfi. Yana cewa kakanninsu a nan suka yi noma, kuma katafila sai dai ta bi ta kansa. Mutane suna gyaɗa kai. Ka ga yadda suke kallonsa ka san sun miƙa masa wuya gaba ɗaya.

Ya karɓi Sufeto hannu biyu. Ya soka sandarsa a ƙasa ya zaro, ramin ya cika da ruwa a gabansu. Ya ce to ga shi nan, wannan ba ya bukatar digiri. Ya ce Auta, wato Injiniya, tun tana ƙarama ya koya mata murza ƙasa a tafin hannu, kuma wanda ya yi mata wannan aika-aika Allah ba zai bar shi ba.

"Baba, ranar Asabar kana ina?"

"Gida, ɗana. Gwiwoyin nan sun hana ni motsi. Auta ma tana can, ka tambaye ta."

Da za su tafi ya sa aka yanko musu latas, ya ɗaure da kansa. Sufeto ya kalli yatsunsa: lanƙwasa, zagaye, zarge. A mota ya ja igiyar ta warware. Saje ya ce kada Yallaɓai ya yi saurin murna, ya duba sauran, manoman nan su sittin duk haka suke ɗauri, don mai saye ya kwance ba wuƙa. Gaskiya ya faɗa. An rage masu laifi daga gari guda zuwa mutum sittin, kuma saura kwana ɗaya.

Safiyar Laraba Sufeto ya tarar da Saje tsaye a bakin taga yana dariya.

"Yallaɓai, ashe kai ma ka fara noma? In ka girbe a tuna da mu."

Kwana biyu Saje yana juye ragowar ruwan shansa cikin kofin nan don ƙyuyar fita waje. Yanzu ga tsiro bakwai sun ɗago kai daga jar ƙasar, kowane da ganye biyu ƙanana, karansu ja mai duhu.

Sufeto ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa aka kira Injiniya.

Ta shigo da alamar ba ta yi barci ba. Ya tambaye ta ko ƙasar da aka haƙo daga mita uku tana tsiro. Ta ce ba ta yi, iri ba ya kaiwa can. Ya miƙa mata kofin ya ce to wannan menene.

Ta kai shi kusa da fuskarta. Sufeto ya ga lokacin da ta gane, don leɓenta ya motsa ba sauti. Ta ajiye kofin a hankali kamar zai fashe, ta nemi kujera ta zauna.

"Jan kabeji ne," ta ce.

"Wa ke noma shi a fadama?"

"Ba wanda ya fara tukuna. Ni na zo da irin daga wurin kwas wancan watan. Fakiti ɗaya ne."

"Wa kika ba?"

Ta ce wataƙila Kawu ya raba wa wasu. Ta ce wataƙila wani ya shiga gidan. Ta ce mutumin da ya sayar da shanunsa biyu ya kai ta jami'a ba zai yi haka ba. Duk ta faɗa tana kallon bango, kuma ita kanta ba ta yarda da ko ɗaya ba. Sufeto ya ji tausayinta ƙwarai, amma tausayi ba ya cikin aikin da aka ba shi. Ya ce ta taso su je.

Gidan Kawu yana kan tudu a bakin fadama, tsohon gini mai ɗaki uku. Silin ɗin falon ya yi taswirar yoyo, an jera bokiti biyu a kusurwa tun damina ba ta kankama ba. Matarsa, wadda Injiniya ke kira Inna, ta taso da murna, da ta ga kaki sai murnar ta tsaya a rabi.

Sufeto ya nemi a nuna masa inda ake rainon iri. Suka zagaya bayan gida. Ga tsohon babur jingine da bango, ga rariyar tankaɗe ƙasa a rataye. Ga komi ɗaya dogo na jar ƙasa, rabinsa ya cika da 'yan tsiro masu jan kara. Ɗaya rabin kuwa baƙi ne wuluk, laka ce aka cike gurbi da ita, an baje ta sumul da hannun wanda ya iya.

Injiniya ta durƙusa ta ɗebo ta murza a tafin hannu. Ba ta bukatar na'ura ta gaya mata ƙasar wace ce.

Kawu ya fito yana dogara sanda. Ya ga kofin a hannun Saje, ya ga 'yarsa a durƙushe. Sai ya sha jinin jikinsa, amma ya gwada sa'a. Ya ce laka ce ya ɗebo daga gonarsa don ƙara wa komin ƙarfi.

"Baba," in ji Sufeto, "kabejin cikin kofin nan daga siton Injiniya ya fito. Ta yaya irinka ya shiga ɗakin da ke kulle?"

"Ban shuka wancan rabin ba," Kawu ya ce da sauri. "Rabi ɗaya kawai na shuka. Ba iri a inda na..."

Ya tsaya. Amma ya riga ya faɗa.

Inna ce ta yi magana daga bayansu, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ita ta ƙarasa shukar ranar Juma'a da yamma. Ta ga yana fama da gwiwa, ta ce bari ta rage masa durƙuso, ba ta gaya masa ba don kada ya yi faɗa.

Kawu ya dube ta, ya zauna a kan turmin da ke kife. Daga nan bai ƙara musu ba.

Ya ce wata biyu da suka wuce Manaja ya same shi a asibitin ƙashi. Bai ba shi ko sisi ba. Taswira ya buɗe masa ya ce ya zaɓi gida. Shi ya ɗora yatsa a kusurwar gabas. Ranar Asabar da Auta ta kwanta ya zare makullin daga jakarta, ya kwashi ƙasar komi a buhu, don gwiwarsa ba za ta iya saran tudu ba. Ya hau babur. Albasar ya tafi da ita ne ko zai tarar da maigadi, da bai same shi ba ya ajiye masa, don bai saba zuwa hannu rabbana ba. Manaja ya ce ya zubar da baƙar ƙasar a rafi.

"Me ya hana ka?" in ji Sufeto.

"Ƙasa irin wannan? A rafi?" Kawu ya girgiza kai. "Hannuna ya ƙi."

Ya ce shekara arba'in da biyar yana ciyar da garin nan, har yau in hadari ya haɗo sai ya tashi neman bokiti. 'Ya'yansa maza uku, ba wanda ya yarda ya riƙe fartanya. Ya ce ko sun yi nasara bana, wani kamfanin zai zo baɗi, shi kuma so yake ya mutu a ɗakin da ba ya yoyo.

Injiniya ta miƙe, lakar na hannunta.

"Kawu, da ka ce ka gaji, da ni zan yi maka rufi. Ka san zan yi."

"Na sani."

"Ka san me za a kira ni gobe a gaban kwamiti?"

"Manaja ya ce zai ɗauke ki aiki. Ya yi mini alkawari."

Wannan ce ta fi yi mata ciwo, an gani a fuskarta. Wato har wurin da za ta faɗa an tanada mata. Ta ce jiya da yamma yana gindin mangwaro yana cewa katafila ta bi ta kansa, mutum sittin suna amin. Ta ce unguwar gangare akwai yara, akwai tsofaffi irinsa, kuma shi ya fi kowa sanin inda ruwan zai bi, shi ya sa ya zaɓi tudu. Kawu ya sunkuyar da kai.

Sufeto ya sa Saje ya ɗebi lakar a leda, ya ɗauki hoton komin, ya buga waya ofis a je a ɗauko Manaja kafin labari ya riga su. Ya gaya wa Injiniya cewa gobe ƙarfe tara bayanin Kawu da sa hannunsa za su kasance a teburin kwamiti, shi da kansa zai kai. Rahotonta zai tsaya. Ta ce ta gode, kamar wadda aka yi wa gaisuwar mutuwa.

Saje ya fito da ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Dattijon da ke tafiya da sanda ba inda za shi.

Labari ya riga ya sauka fadama. Injinan ban ruwa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, manoma suka hauro suka tsaya a bakin hanya. Ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya gaishe shi. Kawu ya bi ta tsakiyarsu yana kallon ƙasa.

A bakin mota gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, kamar yadda ya saba duk ranar da za ta kai shi asibiti.

"Auta, kama ni."

Tana tsaye taku uku daga gare shi. Ta dubi hannun, ta dubi nata da laka ta bushe a kai. Ba ta matsa ba.

Saje ne ya kama shi ya shigar da shi, ya rufe ƙofa.